Goggo Mai Bushiya

Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Goggo ta riga mu ranar wata Laraba da hantsi, damina na tsakiya, aka kai ta makwancinta bayan azahar ƙasa a jiƙe. Yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na girma a nan Azare har aka kai ni ɗakin miji. Ba ta bar ɗa ko jika ba, sai ni da nawa. Na sha ganin yadda ake saurin naɗe tabarmar makokin wanda bai bar zuriya ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Mata sun cika tsakar gida ranar. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, sai na lura da wani abu. Duk wadda ta shigo, kafin ta zauna sai ta ɗaga gefen tabarma ta leƙa, ta kakkaɓe, sannan ta zauna. Ba wadda ta ce wa wata ta yi. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa ta ga hannunta riƙe da gefen tabarmar, ta yi 'yar dariya ta ce, "Kun ga, ko ba ta nan tsoronta muke ji." Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta rufe fuska da mayafi.

Matar liman ta yi addu'a mai tsawo, ta yabi tsaftar Goggo da zumuncinta. Da ta shafa sai ta karkata kai wajen bayan ɗaki, inda tsofaffin tukwane masu fasassun baki suke a kife.

"Sai dai waɗannan abubuwan nata," in ji ta. "Yanzu ai sai a fitar da su. Mutane sun daɗe suna magana."

Mai daddawa ta sauke mayafi. "Wace magana, Hajiya? Rabon da ki ji an yi kukan kunama a gidan nan tun yaushe?"

A ƙarƙashin tukwanen nan bushiyoyin Goggo suke kwana.

Ranar sadakar uku wani dattijo Bafulatani ya yi sallama a zaure. Daga rugarsu ta wajen Gamawa yake, shi ya saba kawo wa Goggo bushiya in ya ci karo da ita a wurin kiwo. Labarin rasuwar bai kai masa ba. Da ya ga tabarmi da mutane sai ya tsaya da ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai. Aka gaya masa. Ya durƙusa a ƙasa ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce a kira masa 'yar Goggon. Na fito.

"Tun bara Goggo ta ce in na ga bushiya mace in kawo mata," ya ce. "Sai shekaranjiya na samu a gindin aduwa. To yanzu wa zan ba?"

Na miƙa hannu biyu na karɓa. Ina jin ta a ciki tana huci.

Tun ina ƙarama na san gidanmu ba kamar sauran gidaje ba ne. Da rana Goggo na aikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma kullum akwai gwangwani a gefenta. Duk ƙwaron da ya gitta sai ta jefa ciki: gyare, kyankyaso, buzuzu, ƙadandoniya, in farkon damina ne har da shinge. Wani lokaci ta ɗaga turmi ko dutsen niƙa ta ga kunama, sai ta sa tsinke biyu ta kama ta da rai, ta ware mata nata gwangwanin.

In an idar da sallar magariba sai ta jawo kujerarta bayan ɗaki, ta juye ƙwarin a wani tsohon faranti mai zurfi, ta ce in zauna kar in yi motsi. Can sai ka ga ɗan hanci ya leƙo daga bakin tukunya yana rawa.

"Duba," takan ce a hankali. "Ba da ido take zuwa ba, idon nan kwalliya ce. Hanci da kunne ne. Abin da ya yi ƙara shi za ta fara bi."

Haka kuwa ake yi. Gyaren da ya yi tsalle shi ke fara tafiya, sai shinge, don taushi gare shi ga maiƙo. Buzuzu sai ta juya shi ta juya kafin ta fasa. Ƙadandoniya kuwa ta shinshina ta ja da baya, in yunwa ba ta matsa mata ba. Wani ƙwaron da ya yi lamo kamar matacce sai ta tsallake shi ta wuce, ya kwana da ransa. Goggo ta san halin kowace. Akwai wata mai yagaggen kunne da ba ta taɓa kyankyaso ko da shi kaɗai ne a farantin, Goggo ta sa mata suna 'yar sarauta.

Ranar kunama daban ce. Goggo ba ta magana ranar. Bushiyar takan saukar da ƙayar goshinta ta rufe fuska, ta kewaya, kunama na kai harbi yana ƙarewa a kan ƙaya, har ta samu ta cafke ta. Ni nakan yi tafi. Goggo ko murmushi ba ta yi. Haɓarta na kan hannunta, ta ƙura ido kamar mai sauraron shari'a.

Ba ta taɓa ƙosar da su ba. Na taɓa cewa ta ƙara musu, ta ce, "In ta cika ciki da mai daɗi, me zai kai ta wurin kunama? Ki bar ta da saura, ta zaga gida."

"To me kike kallo kullum, Goggo? Ai kin riga kin sani."

"Ina so in ga yadda take zaɓa," ta ce. Ta tashi ta ɗauke farantin.

Faɗanta ɗaya ne a duniya. Ba a ajiye yaro a ƙasa ba a ɗaga tabarma ba. Ba a sa takalmi ba a buga shi ba. Zanin da ya kwana a kan igiya sai an kakkaɓe. A gidan biki ma, in ta ga mai goyo za ta kwance, daga inda take za ta ɗaga murya, "Ke! Kin duba?" Wasu su ji haushi, wasu su yi dariya. In an haihu a unguwa, kafin suna za ta je ta share ɗakin da kanta, ta fitar da tarkace, sannan ta ce ko a kawo musu aron bushiya. Da yawa sukan ce a'a. Daga nan ne maganar asiri ta samo tushe, kuma ta sani, ba ta taɓa kare kanta ba.

Rigimarta da Baba ita ce babbar da na gani. Wata shekara kyankyaso da sauro suka addabi gidan, Baba ya sayo fiya-fiya a kasuwa. Ya san ba za ta yarda ba, sai ya bari ta tafi bikin suna a garin Gololo, ya bi lungu-lungu ya zuba, har bayan ɗakinta. Ƙwari suka fito suna magagi, bushiyoyi suka samu abinci a sauƙaƙe. Da ta dawo ta ɗaga tukwane. Bushiya mai rai in ka taɓa ta dunƙulewa take yi. Waɗannan a miƙe suke, ciki a waje.

Ba ta yi kuka ba. Ta jera su a faifai, ta ɗauka har zaure inda Baba ke zaune da abokansa, ta dire a gabansa.

Baba ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. "Haba Adda! Dabba ce fa. Ni mutane nake karewa."

"Su kuma me suke yi?"

"Shekara nawa za ki yi kina gadin abin da ya riga ya wuce?"

Ina laɓe a bayan ƙofa. Ban gane maganar ba, amma na ga abokan Baba sun sunkuyar da kai gaba ɗaya, na ga shi kansa ya kama bakinsa. Goggo ta dube shi, ta ɗauki faifanta ta koma ciki. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba har aka yi girbi. Kunun safensa dai bai taɓa yankewa ba, ta dama ta aika, amma in ya gaishe ta sai ta kalli bango.

Wata rana da la'asar ya dawo daga gona kansa ba hula. Hular na hannunsa ya tattare bakinta, yatsunsa duk jini. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"Adda, ga baƙuwa."

Ta leƙa cikin hular, ta kalli yatsun. "Wa ya ce maka da hannu ake ɗauka? Da tsumma ake ɗauka. Zauna in wanke maka."

Iyakar sulhun ke nan. Ban ji wanda ya ce wa wani yi haƙuri ba.

Akwai ranar da unguwa ba ta manta ba. Lokacin Goggo ta riga ta manyanta, gwiwa ta fara ba ta wahala. Kunama ta harbi ɗan wata maƙwabciya, yaro ɗan yaye, mutane suka taru, wannan ya ce a shafa kananzir, wancan ya ce a jira mai tofi ya dawo daga masallaci. Goggo ta ratsa su, ta taɓa goshin yaron ta ji gumi, ta ga yawu na dalala. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta saɓa shi a baya ta ɗaure, ta fita titi ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, ta tare keke napep da jikinta. Uwar na bin ta tana cewa a bari a yi addu'a tukuna. Goggo ta ce, "Hau. A yi ta a hanya." Yaron ya kwana a asibiti ya tashi. Yau magidanci ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Ni ban san tushen abin ba sai da na zo gida goyon cikin fari. Goggo ta hana ni sakat. Ta fitar da komai na ɗakin, ta liƙe kowace tsaga a bango, ta sa an ɗaga ƙafafun gado a kan gwangwanaye. Ranar da ta tafi kasuwa na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata, na ce abin Goggo ya fara zama ciwo. Inna na tsinke zogale, ta ajiye.

"Zauna," ta ce. "Kin kai ki sani."

Ta ce a lokacin duk muna ƙauye, can ƙasar Katagum kusa da fadama, Baba bai dawo Azare ba tukuna. Goggo na da aure a garin, tana da 'ya ɗaya, ta fara tafiya tana gwarancin magana. Ni kuma jaririya ce, ko zama ban fara ba. Da kaka suka tafi roron wake su biyu. Rana ta yi zafi, bayansu ya gaji, suka shimfiɗa tabarmar kaba a inuwar tsamiya. Inna ta kwantar da ni ina barci, Goggo ta zaunar da tata kusa da ni ta ba ta ɗan rogo. Ba su yi nisa ba, suna jin motsinmu.

"Sai muka ji ƙara," in ji Inna. "Ban taɓa jin irinta ba. Muka zo, yarinyar na riƙe da hannunta, kunama kuma na fita daga cikin zanin da na lulluɓe ki da shi. Daga cikin zaninki, kin ji. Na tuɓe ki na duba ko'ina, ko ƙwarzane babu. Ko farkawa ba ki yi ba."

Ruwan shekarar ya cinye hanya, mota ba ta shiga. Aka ɗaura wa shanu amalanke. Yarinyar na gumi tana amai, jikinta na karkarwa. Ba su kai bakin titi ba ta cika a cinyar uwarta. Goggo ba ta sake samun ciki ba, bayan 'yan shekaru mijin ya rasu, ta biyo Baba. Amma tun kafin nan, da lokacin yaye ni ya yi, ta zo da kanta ta ce a ba ta ni.

"Wallahi tsoro na ji," in ji Inna. "Na ce wa babanki, matar da tata ta tafi tawa ta zauna, a tabarma ɗaya, da wane ido za ta kalle ta? Ya ce in ba ta. Na ba ta ina kuka. Kin dai ga yadda ta riƙe ki."

Na ga yadda ta riƙe ni. Amma daga ranar na kasa kallon Goggo kamar da. In ta zuba min abinci sai in ce a raina, na wata nake ci. Na haihu, ita ta yi min wankan jego, ita ke kwana da jaririn. Wata safiya bayan wanka, ina kwance jikina na tururi, tana gasa wa yaron cibi, na kasa riƙewa.

"Goggo, Inna ta gaya min."

Hannunta bai tsaya ba.

"Kin taɓa jin haushina?"

Na zaci za ta ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan. Sai ta ce, "Na ji. Da farko ko ɗakin da kike ba na iya shiga. In na ji kukanki sai in toshe kunne." Ta juya yaron. "Shi ya sa na ce a ba ni ke. Na ji tsoron abin da zuciyata za ta zama in kina nesa da ni."

Can ta ci gaba, kamar da jaririn take magana.

"Bushiya tana zaɓe, na gani da idona. Kunama kuwa mutum ba abincinta ba ne, ba ta nemansa. Sai an danne ta ko an kai mata hannu. To wani abu ya kai hannun yarinyar nan cikin zaninki. Ko abin wasa ta gani, ko ganin ta ta yi a jikinki ta ce bari ta cire. Tana son ki, kullum tana ja miki ƙafa. Ban sani ba. Na juya baya."

"Shi kike nema a wurin bushiya?"

"Na ɗauka in na gane yadda ƙananan halittun nan ke ɗaukar wannan su bar wancan, zan gane wani abu."

"Kin gane?"

"Na gane bushiya," ta ce.

A shekarunta na ƙarshe ta yi ƙawa. Wata malama ce Kirista daga kudancin Bauchi, tana koyar da ilimin dabbobi a kwaleji, ta kama haya a gidan da ke jikin namu. Ta ji labarin tsohuwa mai bushiya ta shigo gani, daga nan ta zama 'yar gida. Mama take kiran ta. Sukan zauna su yi ta musu a kan dalilin da bushiya ke tara kumfar yawu ta shafa a ƙayarta in ta shinshini baƙon abu. Malama ta ce masana ma ba su daidaita ba, Goggo ta ce to ashe ba ita kaɗai ba ce.

Wata Asabar da yamma ina gidan, Malama ta shigo da wayarta. "Mama, zo ki ga 'yar'uwar bushiyarki ta wata duniya."

Wata 'yar dabba ce kamar ɓera, mai tsinin baki da manyan idanu, tana gudu a kan jan yashi. Malama ta ce a hamadar Ostareliya take, ba ta cin hatsi, farauta take yi. Muka ga ta wuce tururuwa ba ta kula ba, ta tsaya, ta kafa kunne, ta daka tsalle ta danne wani ƙaton gizo-gizo ta cije shi a kai.

"Ta kai ta fara," in ji Goggo. "Ta san inda sharrin yake."

Malama ta ce ba duk abin da ta samu take ci ba. Takan auna girman abu da wahalar kama shi, wata ma akwai irin gizo-gizon da ta fi so ko da wasu ƙwarin sun fi yawa. In fari ya yi tsanani kuma sai ta rage zaɓe, ta ci abin da ya samu, tana jan kitsen da ta tara a wutsiya. Goggo na gyaɗa kai. "Yunwa ke rage mata iyayi. Haka nawa suke."

Sai hoton ya canza. Wani ya riƙe dabbar ya juya cikinta sama, ya buɗe wata 'yar tattarar fata. A ciki wasu jajayen abubuwa ne kamar ƙwayar wake, a manne.

"Mene ne wannan?"

"'Ya'yanta ne, Mama. Aljihu gare ta a fatar ciki. Tun suna ƙanana a nan suke, suna shan nono. Duk inda ta je neman abinci suna jikinta."

"Ba ta ajiye su?"

"Sai sun yi wayo sun fi ƙarfin aljihun."

Goggo ta karɓi wayar da hannu biyu, ita da ba ta yarda ta taɓa waya. Ta kawo ta dab da ido. Ta ce a mayar baya, aka mayar. Ta ce a sake. Malama na ta bayani, ta ga ba a jin ta, ta dube ni. Goggo ta ɗora tafin hannu a kan cikinta.

"Ikon Allah," ta ce. "Ita aka ba."

Ta miƙa wayar, ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki ta saki labule. Malama ta ce, "Na yi laifi ne?" Na ce a'a, amma ban iya yi mata bayani ba sai bayan kwanaki. Ranar makoki ita ta fi kowa kuka.

Ciwon ajalin bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, muka kai ta asibiti. Baba da Inna duk sun riga ta, ni ce a kanta. Safiyar Larabar ta farka da hankalinta garau, har ta sha kunu. Ta ce in matso. Na matso, ta ce in ƙara, har kunnena ya taɓa leɓenta.

Ta faɗi wani suna. Sunan mace ne, gajere, irin na mutanen da.

"Wace ce, Goggo?"

"Ita ce." Ta huta. "'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, kunya. Na ce sai ta girma ta yi aure in dinga kiran ta da sunan ɗanta. Da ta tafi kuma kowa ya daina faɗa don kar in ji. Ban taɓa kiran ta da bakina ba, ko sau ɗaya." Ta kama yatsana. "Waɗanda suka sani duk sun tafi. In kina yi min addu'a ki haɗa da ita. Ki faɗi sunan. Da ƙarfi, ba a zuci ba."

Na ce to. Ta ce in faɗa ta ji. Na faɗa. Ta lumshe ido ta maimaita a bayana, a hankali, kamar mai kiran yaron da ke wasa a tsakar gida ya zo ya ci abinci. Ta sake kira. Kafin rana ta take ta cika.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da abin da ta rasa. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, ba na takarda ba ne. Bayan kowace sallar asuba nakan faɗe shi a fili, har 'ya'yana suka fara tambayata wa nake kira. Na zaunar da su na gaya musu, na ce yayata ce.